Wa Ke Gaba, Wa Ke Baya: Zanen Gini a Kwamfuta da Bangon da Za a Gina a Ƙasarmu

Laccar da aka gabatar a Gaya ga magina da ɗaliban zanen gini na Gaya da Ajingi

 

Iyayenmu magina da ke zaune a gaba, Allah ya ƙara girma. Malamai, ƙannena ɗalibai maza da mata, da waɗanda suka yi sammako daga Ajingi da ƙauyukanta, sannunku da zuwa. An nemi in yi magana a kan wani ɗan lungu na aikin zanen gini da kwamfuta, lungun da ba a cika tsayawa a kansa a aji ba, don ana ɗaukarsa kwalliya ce kawai. Abu biyu ne a cikinsa. Na farko, idan abubuwa biyu suka haɗu a wuri ɗaya a kan allon kwamfuta, wanne zai fito gaba, wanne zai ɓuya a baya. Na biyu, 'yan layukan nan da manhaja ke shimfiɗawa a fuskar bango ko daɓe ko rufi don a gane wannan bulo ne, wannan tayil, wancan kankare.

Gaya ba baƙuwar aikin hannu ba ce. Tarihin Kano ya ce daga nan maƙera Abagayawa suka tashi suka nufi Dala neman tama. Abin da ya sauya shi ne kayan aikin. A da, yaron da ke son karatun zanen gini sai ya nufi Zariya, wajen Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Yau ga jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil, maƙwabciyarmu, wadda ta fara aiki a 2001 kuma yanzu take ɗauke da sunan Aliko Dangote, ga Jami'ar Bayero a birni. Yaranmu suna dawowa gida da kwamfuta a jaka, kawu ya ce a zana masa ɗaki uku da falo, kwamitin masallaci ya ce a zana musu ƙari. Mai zanen ya koma Wudil ko Kano, birkila yana bakin aiki a Ajingi, ba abin da ke tsakaninsu sai takarda, sau da yawa ma hoton takardar ne a waya. Duk abin da takardar ta nuna shi za a gina. Abin da ta ɓoye kuwa sai ranar da aka ci karo da shi, bayan an sayi siminti an biya leburori.

Wannan shi ne dalilin da ya sa nake ganin maganar ta kai a tara mutane a kanta.

Masu zanen da suka riga mu ba su san matsalar wa ke gaba, wa ke baya ba. Mutum na zaune gaban teburinsa da tawada da takarda mai shara-shara, idan zai zana tagar da ke bayan ginshiƙi, hannunsa ya san inda zai tsaya. Kwamfuta ba ta san komai ba sai an gaya mata. Tun da Ivan Sutherland ya nuna manhajarsa ta Sketchpad a Amurka a 1963, wato ɗaya daga cikin na farko wajen zane a kan allo da hannu, masana suka yi shekaru suna fama da tambaya ɗaya: yaya za a sa inji ya gane abin da ke kusa yana rufe abin da ke nesa? A 1972 wasu masana uku a Kambirij ta Ingila, 'yan'uwa biyu masu suna Newell da abokin aikinsu Sancha, suka kawo hanyar da ake kira dabarar mai fenti: a jera abubuwa daga na nesa zuwa na kusa, a fara zana na nesa, duk wanda ya zo daga baya ya shafe na ƙarƙashinsa. A 1974 Edwin Catmull a Amurka da Wolfgang Strasser a Jamus, kowa a nasa ɓangaren, suka kawo wata hanya: kowane ɗigo na allo a riƙe masa lissafin nisansa daga idon mai kallo, wanda ya fi kusa shi ke cin wurin.

Ku riƙe waɗannan hanyoyi biyu, domin duk manhajojin da kuke aiki da su a yau a kansu suke tafiya. Ɗaya tana duban wa ya zo daga baya. Ɗaya tana duban wa ya fi kusa. Yawancin ruɗanin ɗalibi daga nan yake fitowa, yana neman hanyar farko a wurin da ta biyu ke mulki.

AutoCAD, wadda kamfanin Autodesk ya fitar a ƙarshen 1982, har gobe ana aiki da ita a ofisoshin Kano. A zanen fulan da aka saba yi da ita komai kwance yake a shimfiɗa ɗaya, ba kusa ba nesa, don haka wanda aka zana daga baya shi ke hawa kan na farko. Ka rubuta awon ɗaki, ka dawo ka cike ɗakin da zanen tayil, sai zanen ya danne lambar. Maganin yana nan cikin manhajar: umarnin DRAWORDER na kai abu gaba ko baya, HATCHTOBACK na tura duk zanen cike baya gaba ɗaya, TEXTTOFRONT na fito da rubutu da awo sama. Aikin minti ɗaya ne kafin a buga takarda, amma ku je ku duba zanukan da ke yawo a wuraren gini ku ga yadda lambobi ke nutsewa cikin layuka. Birkila ya kasa bambance 3 da 8, kuma ba zai kira ka a waya don lamba ɗaya ba. Zai zaɓi wadda ta yi masa kama.

ArchiCAD ta kamfanin Graphisoft na ƙasar Hangari, wadda asalinta ya koma shekarun 1980, ta tsara abin aji-aji tun daga gida. Rubutu da awo ne a sama, sai layukan da aka ja da hannu, sai kayan da aka ɗauko daga rumbun manhaja irin su kujeru da bahon wanka, sai ginin kansa, bango da ginshiƙi da dakali, sai zanen cike a ƙarƙashinsu, hotuna kuma a can ƙasa. Ta kuma ba ka dama ka ɗaga wani ko ka sauke shi. A ganina wannan jeri na hankali ne, kuma ko da wace manhaja mutum yake aiki ya kamata ya haddace shi: magana a sama, gini a tsakiya, kwalliya a ƙasa.

Revit ce ta fi ba ɗalibai haushi. Ta fito a 2000, Autodesk ya saye ta a 2002, kuma tsarinta daban ne. A cikinta ba layi kake ja ba, bango kake ginawa, mai kauri da tsawo da kayan da aka yi shi da su. Fulan kuwa yanka ne: kamar an sa wuƙa an yanke gidan a kwance, wajen mita 1.2 daga daɓe, an ɗauke saman, ana leƙawa ƙasa. Saboda haka ba za ka iya cewa bango ya matsa baya ko dakali ya zo gaba ba. Wanda ya fi kusa da ido shi za a gani. Idan dakalin tsakar gida ya rufe maka matakala, ba laifin nuni ba ne, tsawon da ka ba ɗayansu ne ba daidai ba, kuma manhajar gaskiya take gaya maka. Abubuwan da ake iya kai wa gaba da baya su ne 'yan ƙarin da ake ɗorawa a kan zane bayan an gama gini: layukan bayani, wuraren da aka cike da zane, hotuna, da wani farin faci da ake kira abin rufewa. Yawancin waɗannan a saman ginin suke zama, kuma a shafin da aka sa su kaɗai ake ganinsu.

A kan wannan farin facin nake so in daɗe, domin shi ne ƙofar ɓarna. AutoCAD ma tana da irinsa, WIPEOUT. Yana da amfaninsa na halal: a share bayan rubutu don ya fito fes, ko a rufe layin tayil a ƙarƙashin kujera. Amma a ce ɗalibi yana zanen shago mai hawa ɗaya a bakin kasuwa, dare ya yi, batir na shirin mutuwa, gobe mai aiki zai zo karɓa. Ya lura ginshiƙi ya faɗo rabinsa cikin ƙofa. Gyaran gaskiya shi ne ya matsar da ƙofar ko ya koma wajen injiniya a sake duba ginshiƙin, kuma wannan zai taɓa shafi huɗu ko biyar. Gajeriyar hanya ita ce ya ɗora farin faci a kan ginshiƙin, ya ja layi biyu a sama, fulan ya fito tsaf. Babbar riga ce aka zura a kan yagaggiyar taguwa. Ginshiƙin yana nan a zanen injiniya, yana nan a zanen yanka, kuma mai ɗaurin rodi zai kafa shi inda aka ce. Ranar da kafinta ko mai walda ya zo da ƙofa, ranar za a san an yi rufa-rufa. Daga nan ɗayan biyu ne: ko a rage ƙofa, ko, Allah ya kiyaye, wani ya ɗauko guduma ya ce a ɗan sassaƙe ginshiƙin. Iyayenmu magina sun san wanne aka fi yi idan mai gida na tsaye yana faɗa.

Don haka ƙa'idata ga duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashina ita ce, kafin a sa faci a tambayi kai: abin da zan rufe zane ne ko gini ne? In zane ne, rufe. In gini ne, cire hannunka.

Akwai wata matsala mai kama da wannan da ba laifin kowa ba ce sai lissafi. Idan fuskoki biyu suka zauna a nisa ɗaya daidai, misali ka sa daɓen kankare da shimfiɗar tayil a tsawo ɗaya, hanyar Catmull ta rasa wanda za ta ba wuri. Sai ka ga allo na walƙiya, nan tayil, nan kankare, kana juya gini suna musanya. Ɗalibai kan ce kwamfutarsu ce ta tsufa. Ba ita ba ce. A wurin gini abu biyu ba sa zama a waje ɗaya, tayil yana da kauri, simintin da ke riƙe shi yana da kauri, ka ba kowa nasa sai walƙiyar ta tsaya. Haka inda ginshiƙi ya shiga cikin bango ko bim ya haɗu da dekin: sai ka gaya wa manhaja wa ke yankar wa. In ba ka haɗa su ba, wurin da suka shiga juna za a iya ƙirga shi sau biyu a lissafin kaya, sau ɗaya a bulo sau ɗaya a kankare, kuma aljihun mai gida ne zai biya. Revit tana ba kowane sashe na kaurin bango lambar daraja daga 1 zuwa 5, mai ɗaukar nauyi shi ne 1, filasta da fenti su ne na ƙarshe, kuma a kusurwa mai daraja ne ke ratsa na ƙasa da shi. Duk magini ya san wannan ba tare da lamba ba: gini ke haɗuwa da gini, shafe ya biyo baya.

Zan wuce da sauri a kan abin da kan sa ka canza launi ko zane amma allo ya ƙi canzawa. Umarnin nuni hawa-hawa ne. Akwai na aikin gaba ɗaya, akwai na shafi ɗaya, akwai na tacewa da ke zaɓar wasu abubuwa, akwai wanda aka sa wa abu guda shi kaɗai, kuma na ƙarshen nan ya fi na farko ƙarfi. Wanda ya saba gyara abu ɗaya-ɗaya da hannu zai tara wa kansa tarko, bayan wata biyu shi ma ba zai tuna abin da ya taɓa ba, balle wanda zai gaji fayil ɗin. A yi gyara a tushe, a wajen bayanin kayan ginin.

Yanzu zanen fuska. Kowane kayan gini a waɗannan manhajoji yana da zane iri biyu. Akwai wanda ake gani idan an yanka shi, kamar layukan karkace da ke nuna cikin bango a fulan. Akwai wanda ake gani idan an dube shi daga waje, kamar jerin bulo a gaban gida ko murabba'an tayil a ƙasa. Na yanka alama ce da masu sana'a suka yarda da ita. Na fuska kuwa sau da yawa alkawari ne, mai gida na kallonsa yana cewa haka gidana zai kasance.

Shi ma zanen fuskar ya rabu biyu, kuma a nan ne kuɗi ke zuba. Akwai wanda girmansa na takarda ne, ba ruwansa da sikeli. Akwai wanda girmansa na gini ne, in ka ce santimita 60 to santimita 60 ne a ƙasa ko da wane sikeli ka buga. Bari mu yi lissafi tare. Ɗaki mai faɗin mita 3.6 da tsawon mita 4.2, za a sa masa tayil mai 60 da 60. Shida a faɗi, bakwai a tsawo, tayil 42 ke nan ba yanka ko ɗaya. Idan mai zane ya ɗauko zanen takarda mai murabba'in milimita 6, a sikelin 1:100 zai fito daidai, 42, kowa ya yi murna. Gobe ya mayar da shafin 1:50 don a ga ɗakin da kyau. Ɗakin ya ninka a takarda, murabba'in bai motsa ba, yanzu kowanne na wakiltar santimita 30. Sha biyu sau sha huɗu, 168. Ɗaki ɗaya, takarda biyu, ɗaya ta ce 42 ɗaya ta ce 168. Mai sa tayil da ya ga ta biyu zai ɗauka ƙananan tayil ake so. Zanen da ke bin awon gini ba ya wannan, kuma ana iya matsar da shi a daidaita layin farko da bakin ƙofa, a tura yankakkun zuwa bangon da gado ko kabad zai rufe. Wannan shawara ce ta mai zane, bai kamata a bar ta sai ranar aiki ba.

Sai maganar bulo, wadda ta fi damuna. Rumbun da manhaja ke zuwa da shi an cika shi ne da kayan ƙasashen da aka ƙera ta. Jan bulon Ingila tsawonsa milimita 215, tsayinsa 65, da siminti ya zama 225 da 75. Namu na siminti tsawonsa 450, tsayinsa 225, kaurinsa inci tara ko inci shida. Layi uku nasu shi ne tsayin bulonmu ɗaya. Amma sai ka ga zanen gidan da za a gina a Gaya da bulon inci tara, a shafe shi da filasta a yi fenti, an lulluɓe gabansa da zanen ƙananan bulon Turawa don ya burge. Mai gida ya ga abin da ba zai samu ba, birkila ya ga abin da ba zai yi aiki da shi ba. In bangon filasta za a yi masa, a bar fuskarsa fara a rubuta filasta da fenti. In katanga ce da za a bari tsirara, a yi zanen bulonmu da awonsa na gaskiya. Magini da layi yake ƙirga, ba da milimita ba. Idan an bar santimita biyu da rabi na siminti, kowane layi santimita 25 ne, layi 12 mita 3. Zanen da ya bi wannan zai nuna maka tun kana zaune ko ƙasan taga ya faɗa kan layi ko tsakiyar bulo, ka gyara da ɗan yatsa abin da zai sa a yi ta fasa bulo ana zubarwa.

Daga fitowar Revit ta 2019 aka ba mutum damar ɗora zane biyu a fuska ɗaya, na gaba da na baya, misali launi a ƙasa layuka a sama. Abu ne mai kyau, amma ku tuna inda takardarku za ta ƙare. A shagon buga takardu za a fitar da ita baƙi da fari, kuma zanen da ka tsara a babbar takarda A1 za a matse shi a A3 don ita ke akwai. Komai ya ragu da rabi, 1:50 ya koma 1:100 alhali rubutun ƙasan shafi bai canza ba, layukan da ke kusa da juna suka haɗe suka zama baƙin tabo. Launin toka mai kyau a allo ya cinye rubutun da ke kansa. Kafin ka miƙa aiki, buga shi a girman da za a kai wurin gini, ka fita da shi rana ka karanta a tsaye.

Na ajiye abin da ya fi shafar iyayenmu magina zuwa yanzu. Ku buɗe rumbun kowace manhaja daga cikin waɗannan, za ku sami katako iri-iri, duwatsu, jan bulo kala-kala. Ba za ku sami tubali ba. Ba makuba, ba laso, ba azara, ba dagi. Ba na zargin masu manhajar, don kasuwarsu suka yi. Amma sakamakon a wurinmu shi ne, abin da ba ya cikin rumbu ɗalibi ba ya zana shi, abin da ba a zana ba hukuma ba ta ganinsa a takardar neman izini, mai kuɗi ba ya ganinsa a cikin zaɓin da aka kawo masa. A hankali sai gininmu ya zama abin da ake yi idan babu kuɗin siminti kawai.

Alhali gini ne mai ilimi. Tubali ba murabba'i ba ne, mulmulalle ne mai faɗin gindi da tsinin kai, ana jera shi tsinin na sama, bango ya fara da kauri a ƙasa yana sirancewa yana hawa. Revit ba ta ba da bango mai sirancewa kai tsaye ba sai a fitowarta ta 2022, abin da maginan Kano ke yi tun kafin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya gina gidan da sarakuna ke ciki har yau. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta, ta ba bango launinsa ta kare shi daga ruwa. Laso haɗin katsin marina ne da gashin jima da dafara. Azara daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cika damunta ba, amma ba ta haye fiye da kusan mita biyu ita kaɗai, wannan ne ya haifar da dabarar baka da ɗaurin guga da tulluwa don a sami faɗin ɗaki. Wanda ya shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani na shekarun 1830, ya ɗaga kai, ya ga inda dabarar ta kai.

Mutanen waje sun riga mu aunawa. Zbigniew Dmochowski, ɗan ƙasar Folan, ya yi shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya da hannu, aikinsa ya fito a juzu'i uku a 1990, kuma shi ne ya assasa gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Wani masani mai suna Moughtin ya fitar da littafinsa kan ginin Hausa a 1985. Namu Farfesa Hamman Tukur Sa'ad ya yi bincikensa na digirin digirgir a kan magina da yadda suke auna kyawun gini. Amma yawancin wannan aiki birane ya kalla, Kano da Zariya da Katsina da Daura. Zaurukan Gaya da sorayen ƙauyukan Ajingi na jiran 'ya'yansu. A can Nijar kuma an nuna cewa ƙasa ba ta tsufa ba: masallacin Yama na magini Falke Barmu ya ci kyautar Aga Khan a 1986, kuma a Dandaji Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da bulon ƙasa matsattse, suka mayar da tsohon masallacin ɗakin karatu, aka gama a 2018.

To yaya ake shigar da namu cikin kwamfuta? Fayil ɗin da ke ɗauke da zanen cike a AutoCAD da Revit rubutu ne zalla, ana buɗe shi da kowace manhajar rubutu. Kowane layi a ciki yana bayanin jerin miƙaƙƙun layuka: kusurwarsu, inda suka fara, tazarar da ke tsakaninsu, inda za su yanke su ci gaba. Zanen bulonmu na 450 da 225 layi biyu ko uku ne na rubutu, ɗalibi zai iya yinsa a zama ɗaya. Jerin azara a silin ma haka. Wahalar tana wajen lanƙwasa, domin tsarin bai san lanƙwasa ba, sai an daddatsa ta ƙananan miƙaƙƙun layuka masu yawa, fayil ya yi nauyi. Akwai kayan taimako, kamar pyRevit da ake saukewa kyauta, wanda ke mayar da abin da ka zana ya zama zanen cike.

Sai dai a nan zan ja kunne. Ba kowane adon bango ne ya dace a mayar da shi zanen cike ba. Zanen cike maimaici ne, abu ɗaya ake jerawa har bango ya ƙare. Adon ƙofar zaure ba haka yake ba. An tsara shi ne don wannan ƙofar, ya kewaye ta, ya hau zuwa rawani da zankwaye, ya kauce wa indararo. Wani da yatsa aka tayar da shi a ɗanyen yaɓe, wani yanka shi aka yi a siminti kafin ya bushe, wani fenti ne, kuma a Zariya magina sun sa har keke da mota da jirgin sama a ciki. Kyansa a tudu da kwarinsa yake, inuwar safe daban ta yamma daban. Wanda ya ɗauki dagi ya maimaita shi sau ɗari a jikin bango kamar atamfa, ya ce ya yi ginin Hausa, bai fahimci abin ba, kuma irin wannan ya fara yawa a sababbin gine-gine. Irin wannan ado shafinsa daban ake ba shi, a sikelin 1:10 ko 1:20, a nuna zurfinsa da yanka, a rubuta sunan kayan da za a yi shi da su, sa'annan a bar wa gwani wurin da hannunsa zai yi magana. Abin da ya dace da zanen cike shi ne jerin tubali, fuskar makuba, daɓe, azara, zana da asabari.

Saura roƙo. Ku ɗalibai, lasisin karatu na Autodesk kyauta ne ga mai shaidar makaranta, FreeCAD da LibreCAD kyauta ne ga kowa, don haka tsadar manhaja ba hujja ba ce. Kowannenku ya zaɓi gida ɗaya ko masallaci ɗaya na ƙasa a unguwarsu ko ƙauyensu, ya nemi izinin masu shi, ya auna kaurin bango a gindi da a sama, ya ɗauki hoton fuska da sanda mai awo a jingine, ya tambayi wanda ya gina in yana raye, ya rubuta sunan kowane abu yadda magini ya faɗa. Ku haɗa abin da kuka samu a rumbu ɗaya, ku raba wa juna kyauta, ku kai wa malamanku a Wudil. Ku kuma iyayenmu magina, idan yaran nan suka zo da tef da waya suna tambayar abin da kuke ganin kowa ya sani, ku yi haƙuri ku zaunar da su ku gaya musu, ku duba zanensu ku nuna inda ba zai ginu ba. A fara a wannan rani, domin kowane Agusta akwai soron da ruwa ke kayarwa, kuma da bulo ake mayar da shi.